Agogon nutso na zinariya: me mai saye ke biya?

A unguwar Hausawa ta New Bell, da kewayen Kasuwar Kwango a Duwala, agogo kaya ne da ba a wahalar nema. Yana kan faranti a hannun 'yan talla, yana cikin gilashi a shaguna, kuma da yawa na ɗauke da tambarin Rolex. Amma akwai wanda ba a shanyawa a rana. Dillali ne ke kawo hotonsa a waya, ya nuna wa alhaji bayan sallar Juma'a: agogon nutso na zinariya, wanda sabonsa ke kai dala dubu 40, wato sama da sefa miliyan 20.

Asalin wannan agogo kayan aiki ne. A 1953 kamfanonin Blancpain da Rolex na Suwizalan suka ƙera Fifty Fathoms da Submariner, domin mai nutso ya san minti nawa ya yi a ƙarƙashin ruwa kafin iskar tulunsa ta ƙare. Duk mita 10 da mutum ya nutsa, matsin da ke kansa na ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da muke ciki a doron ƙasa, shi ya sa ake ɗaure maɓallin wanin agogon da murfin baya kamar noti, a tsare kowace kafa da zoben roba. Zoben lissafin da ke kewaye da fuskar kuwa gefe guda kawai yake juyawa, don in ya goce bisa kuskure ya sa mutum ya fito da wuri maimakon ya makara. Ƙa'idar ISO 6425 ba ta yarda a kira agogo na nutso ba sai ya jure aƙalla mita 100, Submariner na yau kuma yana jure 300. Wanda aka rubuta wa mita 30 na alwala ne da yayyafi, ko iyo ba a yi da shi.

Zinariya ba ta ƙara wa wannan aiki komai. Ta fi ƙarfe laushi, ta fi shi saurin karcewa, ta kusan ninka shi nauyi. Masu nutson gaske na Duwala ma, matasan da ke shiga ƙasan kogin Wuri da bokiti suna ɗebo yashin gini, numfashinsu ne agogonsu.

To me ake biya? Karat 18 na nufin kashi 750 cikin 1,000 zinariya ce tsantsa, saura azurfa da jan ƙarfe da makamantansu. Ko da oza guda, giram 31.1, ta haura dala 3,000 a watan Maris na 2025, in aka cire injin da gilashin aka narka abin da ya rage, kuɗin ba zai kusanci farashin agogon ba. Ragowar kuɗin suna ne da takarda. Ɗan kasuwar da ya saba da zinariyar Betare-Oya ko Baturi, wadda ake aunawa a biya nan take, ya kamata ya gane bambancin. Zinariya kowane maƙeri ya san ta. Suna kuwa sai an sami mai sonsa, kuma ranar da kake neman kuɗi ido rufe ba lallai ya bayyana ba.

Sai batun jabu, kuma nan ne kuka ya fi yawa. Masu kwaikwayo sun ƙware har suna buga katin garanti da kwali, saboda haka takarda kaɗai ba shaida ba ce. Ruwan zinariya a kan ƙarfe sikeli ke tona shi. Goga a dutsen gwaji a ɗiga asid yana nuna fatar waje ne kawai, shi ya sa ake buƙatar mai gyara da ya san aikinsa ya buɗe baya ya duba injin. Agogon zinariya na Suwizalan yana ɗauke da lamba 750 da hatimin hukuma, wanda tun 1995 kan kare ne ɗan mitsitsi. Ko na gasken ne, in tsoho ne, robarsa na iya saki. A garin da ruwan sama ke haura milimita 3,500 a shekara, raɓa a cikin gilashi alama ce injin ya kama hanyar tsatsa. Wanda ya sayi rariya dai ya san za ta zubar da ruwa.

Akwai abin da dillali ba zai tayar ba. Mazhabobi huɗu, har da ta Malik da ake bi a masallatan New Bell, sun haɗu kan cewa ado da zinariya halal ne ga mata, haram ne ga maza. In namiji ya mallaki irin wannan agogo, zakka na hawa kan zinariyarsa matuƙar ta kai nisabi, kimanin giram 85, shekara kuma ta zagayo.

Mai son ajiya ya sayi zinariya a kan sikeli. Mai son agogo ya sayi na ƙarfe, injinsu ɗaya, kuɗinsa bai kai sulusin na zinariyar ba, kuma kada ya biya ko dala sai an buɗe an gwada a gabansa.