Me ya sa labaran soyayyar tsofaffi ke gundurar masu karatu?

Idan magidanci zai ƙara aure a Kano, kaya iri biyu ake zuwa saye a Kantin Kwari: lefen amarya da kayan faɗar kishiya na uwargida. Duk wanda ya daɗe yana sayar da atamfa a kasuwar ya san bambancinsu. Lefe da ɗoki ake zaɓensa, a ɗaga wannan leshi a ajiye wancan. Na uwargida kuwa sau da yawa cewa ake yi a haɗo kawai a faɗi kuɗi.

A cikin waɗannan 'yan turame akwai labarin auren shekara talatin. Sai dai idan marubucin gajeren labari ya ɗauko irin wannan aure, abin da ya fi kawowa shi ne tsoho da tsohuwa zaune a tsakar gida suna tuna ƙuruciya. Hausa tsaf, siffantawa kamar kana wurin, amma har a kai ƙarshe babu wanda ya yi asarar komai. Mai karatu a waya zai yaba sakin layi biyu, sannan ya koma littafin da ake turowa kashi-kashi a WhatsApp.

Wasu na ɗora laifin a kan masu karatu, wai sun saba da soyayyar samari da 'yan mata. Muhawarar ta daɗe. Tun shekarun 1990 Ibrahim Malumfashi ya kira littattafan soyayya da sunan Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu kuma ya tsaya yana kare su a shafukan jarida. Amma a cikin wannan adabin da aka raina ne aka samu labarin tsohon aure da har yau ake maganarsa.

Littafin shi ne Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne a Sabon Gari. Matarsa Rabi ta haifa masa 'ya'ya tara, ya auro Delu, ya saki Rabin, ta fita da yaran. Marubuciyar ba ta ɓata lokaci wajen kwatanta furfura ko hasken farin wata ba. Cefane ta bi, da kuɗin makaranta, da abincin sayarwa da Rabi ta kama don ta riƙe gida, da auren 'yarta Saudatu. Mai karatu na juya shafi ne don yana so ya san abin da za a ci gobe a gidan. Aliyu Kamal ya fassara littafin zuwa Turanci, kamfanin Blaft na Indiya ya buga shi a 2012.

Ko a ɓangaren manyan kyaututtuka haka abin yake. Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim, da ya ci kyautar NLNG a 2016, labarin Hajiya Binta ne, bazawara mai shekara 55 da ta faɗa son saurayi sa'an ɗanta. Mutuncinta da na 'ya'yanta ne a kan faifai.

Tun da BBC Hausa ta fara gasar Hikayata a 2016 gajeren labari ya ƙara samun marubuta, kuma filinsa ƙanƙane ne. Wanda ya ƙarar da rabinsa kan siffanta hannun tsohuwa ba zai samu wurin tambayar wa zai gaji gidan ba, ko ɗakin wa za a ba amarya. A Kano kuwa soyayyar tsufa ba ta mutum biyu ba ce: akwai 'ya'ya, surukai, dangi da shago.

A ƙarshen littafin Balaraba gobara ta cinye shagon Alhaji Abdu, arziki ya tafi, aka taru aka matsa wa Rabi ta koma ta kula da mutumin da ya kore ta. Ta koma.