Ɗinkin kafaɗa: shin dole ne a saki jijiyar da ta matse?

Ka taɓa ganin wanda ɗaga hannu ya ɗauko abu a saman kanta ya gagare shi, kuma da dare ciwon kafaɗa ya hana shi barci? Sau da yawa matsalar tana cikin wasu tsokoki 4 da suka kewaye gaɓar kafaɗa, su ne ke riƙe ta suna juya ta. Shekaru, faɗuwa ko aikin ƙarfi kan yaga inda suka manne da ƙashi.

A Hausa muna ce wa abubuwa da yawa "jijiya". Wadda nake nufi a nan ita ce mai kai saƙo daga ƙwaƙwalwa, likitoci na kiranta sufaraskafula. Daga wuya take fitowa, ta bi ta wani ɗan tsagi a saman allon kafaɗa, ƙarƙashin wata 'yar igiyar nama mai tauri, sannan ta shiga 2 daga cikin tsokokin nan.

Idan yagewar ta yi girma, tsokar kan ja da baya kamar robar da ta tsinke, sai ta janyo jijiyar ta matse ta a bakin tsagin. Shi ya sa wasu likitocin, lokacin ɗinki, suke yanke igiyar nan don jijiyar ta sami sarari. A 2007 Dokta Laurent Lafosse na Faransa ya bayyana yadda ake yin haka da 'yar kyamara ta ƙananan huji.

To, yana da amfani? An gwada. A Zurich ta Suwizalan a 2020, da kuma Girka a 2021, an raba marasa lafiya gida biyu: wasu ɗinki kawai, wasu ɗinki da sakin jijiya. Ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba. Dalili kuwa, da zarar an mayar da tsokar mazauninta, jan da ake wa jijiyar yakan ragu da kansa.

Sakin yana da muhallinsa, musamman idan wani ƙullutu ne ko igiyar da ta zama ƙashi ke danne jijiyar. Don haka idan za a yi wa naka wannan tiyata, ka tambayi likita: hoton MRI da gwajin lantarki na jijiya sun nuna matsewa kuwa? In ba su nuna ba, me ƙarin yankan zai amfanar?