Yauɗo: ganyen kasuwa da ke ciyar da ƙudan zuma

Duk macen da ke auna busasshen yauɗo da tiya a kasuwar Maraɗi ko ta Dole a Damagaram ta san darajarsa da rani. Sai dai kaɗan ne ke kula da furensa mai ruwan hoda, irin na ɗan'uwansa riɗi, wanda ƙudan zuma ke yini a kai in damina ta yi nisa.

Ɓarnar ita ce tumɓuke shi da saiwa tun bai yi iri ba. Baɗi a nema a rasa. Alhali renonsa ba wuya. A watsa irin a jigawa da ruwan shuka, a riƙa tsinkar kansa kawai, zai sake toho. Wasu kuma a bar su su bushe a tsaye, har kwanson ya fashe ya zubar da iri.