Makin da ke cikin wayarka: gyara ce, ko bashin da ba a sa wa rana ba?

A hutun da ya wuce na haɗu da wani ɗan ƙanen babana a Anka. Daga Sunke ya shigo cefane da cajin waya. Muna gama gaisawa ya miƙo mini wayarsa yana murmushi, ya ce, "Duba nan, makina shina ta taruwa, sai Sallah zan kwashe." Wata manhajar sayen data da katin waya ce, mai ba da maki duk lokacin da ka yi sayayya. Na karɓa na leƙa shafin sharuɗɗa, wanda shi bai taɓa buɗewa ba. A can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta cewa makin da ya wuce wa'adinsa gogewa ake yi. Da muka duba lissafin, ashe wani kaso ya riga ya tafi.

Shi kansa tsarin ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda aka taɓa aika kasuwar Gummi ko ta Bukkuyum ya san gyara: ka sayi tumatir, mai kaya ta ƙara maka biyu don gobe ma ka dawo wurinta. Kamfanoni ma abin da suke nema ke nan. A 1981 kamfanin jiragen sama na American Airlines a Amurka ya fara bai wa fasinjoji maki gwargwadon nisan tafiyarsu, daga baya otal-otal, bankuna da manyan kantuna suka bi sahu. A nan gida, masu layin MTN da ke kan tsarin Pulse sun san makin da ake tarawa a musanya da data. Bayan ƙarancin takardun naira na farkon 2023 kuma, matasa sun yi tururuwa zuwa OPay da PalmPay, inda garaɓasar mayar da wani ɗan kaso na kuɗin kati ta zama abin tallata manhaja.

Sai dai akwai bambanci. Gyarar mai tumatir a hannu take ba ka, ka tafi da abinka. Maki kuwa alkawari ne. Kamfanin ne ke yanke yawan da za ka samu, shi ke faɗin darajarsa ranar musanya, shi ke sa masa wa'adi, kuma yawanci ya rubuta cewa yana da damar sauya duk wannan. Ba kuɗi ba ne da ke cikin asusunka. Ka tuna a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin 100. Idan kayan da za ka karɓa da maki ya yi tsada, ba wanda ya yi maka alƙawarin makinka zai ci gaba da sayen abin da yake saye jiya.

Mu ɗan yi lissafi. A ce ana mayar maka da naira 2 a kan kowace 100. Kana sayen data ta 5,000 a wata, garaɓasarka 100 ke nan, a shekara 1,200. Ba laifi, tunda dama za ka saya. Matsalar tana farawa ne ranar da manhaja ta turo maka cewa saura ƙiris ka hau mataki na gaba, kai kuma ka ƙara sayen data ta 1,000 da ba ka buƙata. A wannan ranar kaɗai ka mayar musu da garaɓasar wata goma. Ni ma na taɓa yi, ba sau ɗaya ba, don haka ba wa'azi nake yi ba.

Sannan ba a banza suke bayarwa ba. Duk makin da ya shigo, ka bar musu labarin abin da kake saye, da yaushe, da nawa. Tun 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a, amma mu nawa ne ke tsayawa mu karanta kafin mu danna amincewa?

Akwai kuma wani nau'in tara maki da ya fi wannan cin lokacinmu, wato mainin. Bayan Notcoin ta fashe a Mayun 2024, aka ga wasu sun samu, sai kowa ya duƙufa kan Telegram. Hamster Kombat ta ce ta tara 'yan wasa miliyan 300. Wata da watanni ana dannawa, ana gayyato abokai, ana kallon bidiyo don neman lambar sirrin ranar. Ranar 26 ga Satumban 2024 aka fashe, kuma wanda ya leƙa Facebook a daren nan ya ga yadda aka yi ta kuka da 'yan canjin da suka fito. Miliyoyin makin da ke kan allo ba su da farashi sai wanda masu abin suka yanke a ƙarshe. 'Yan Pi kuwa tun 2019 suke jira, sai 20 ga Fabrairun 2025 aka buɗe musu kasuwa.

A yankinmu kalmar mainin da nauyinta take zuwa. Sunke na cikin ƙauyukan Anka da Bukkuyum da gubar dalma ta haƙar zinare ta shafa a 2010, lokacin da yara aƙalla 400 suka rasu. Shi ya sa ba na yi wa saurayin da ya zaɓi danna waya a inuwa dariya. Abin da nake tambayarsa kawai shi ne: nawa ka kashe a data da caji, nawa ya fito?

Wani abu da masu tsara waɗannan garaɓasa a Legas ba sa lissafawa shi ne sabis. A farkon Satumban 2021 aka katse layukan waya a faɗin Zamfara saboda matsalar tsaro, ƙananan hukumomi da dama suka shafe makonni masu yawa a haka. Ko yau, a ƙauyuka da yawa sai an nemi tudu kafin saƙo ya shiga. Makin da ke buƙatar ka leƙa kullum, ko wanda wa'adinsa ke tafiya ko da sabis ko babu, mutumin ƙauye ne ya fi asararsa. Haka in layinka ya rufe saboda ba a haɗa shi da NIN ba, ko ya daɗe a ajiye har aka sake sayar da shi, abin da ke kansa ya bi shi.

'Yan damfara su ma sun gane muna son banza. Za ka ga saƙo wai makinka zai ƙare yau, danna nan ka karɓa, sai shafin ya nemi lambar sirrinka ko lambar da aka turo maka yanzu. Kamfanin gaskiya ba ya neman wannan don ya ba ka maki. Shiga manhajar da kanka ka duba.

Shi dai ɗan'uwana bai jira Sallah ba. A nan shagon cajin ya musanya abin da ya rage da data, ya kira mahaifiyarsa ya ce ya kusa tasowa, sannan ya tambaye ni ko manhajar tana ba da maki idan ya gayyace ni. Na ce masa tana bayarwa. Ya turo mini lambar gayyatar tun kafin ya hau babur.