Na'urar Faifan da Aka Yi wa Kwaskwarima: Wa Zai Gyara Ta?

Tun da Sony ya fitar da CDP-101 a Japan a 1982, Philips ma ya fito da CD100, masu tsananin kunnen kiɗa ba su taɓa gamsuwa da na'urar faifan CD yadda ta baro masana'anta ba. Ba a jima ba ƙananan kamfanonin Ingila suka shiga sayen na Philips, su buɗe cikinta, su sake mata kaya, su manna sunansu. Meridian MCD asalinta Philips ce, haka ma Mission DAD7000. Daga baya Marantz ya ba ma'aikacinsa Ken Ishiwata dama ya yi wa CD-63 irin wannan aiki, aka sami KI Signature. A Amurka kuwa, ModWright ya yi suna wajen dasa kwalaben wuta irin na tsohuwar rediyo a cikin na'urorin Sony da Oppo. Yawanci abin da ake taɓawa shi ne agogon da ke daidaita lokaci, da kafasitoci, da sashen wuta, da inda sauti ke fita.

Ranar da irin wannan na'ura ta tsaya, mai ita kan tarar ta zama marainiya. Kamfanin da ya ƙera ta ba ya karɓar abin da wani ya saka wa hannu, in ma yana nan. Oppo dai ya daina ƙera na'urorin faifai tun 2018. Wanda ya yi kwaskwarimar wataƙila ya rufe shago ko ya tsufa. Taswirar wayoyin da ke littafin gyara kuma ta daina dacewa da abin da ke ciki. Babban haɗarin yana nan: mai gyara ya ga waya ta bi inda taswira ba ta ce ba, ya ɗauka kuskure ne, ya tsinke ta, ya cire kafasita mai tsada ya sa ta kasuwa. Na'ura ta tashi, amma abin da aka saye ta dominsa ya tafi.

Alhali galibi ba kayan kwaskwarimar ne ke mutuwa ba. Robar da ke jan tiren faifai takan saki, man da ke kan sandar da ido mai karanta faifai ke bi yakan daskare, ƙura ta lulluɓe gilashin ido, haƙoran giyar roba su ruguje. Kafasitoci kuma bushewa suke yi da shekaru. A tsofaffin na'urorin Philips akwai wata 'yar kafasita mai lamba 33 a sashen da ke ba ido wuta. In ta bushe na'ura ba ta karanta faifai, a ce ido ya mutu, alhali lafiyarsa ƙalau. Philips CD104 kuma ta shahara da wasu ƙananan ƙusoshi da ke haɗa fuskoki biyu na allon wayoyinta, waɗanda dalmarsu ke tsagewa.

"A canja ido" ita ce maganar farko a bakin masu gyara da yawa, kuma a ganina ita ya kamata ta zo ƙarshe. Idon Philips CDM-1, wanda ke lilo a kan hannu guda, yana da nisan kwana, amma ba a ƙera sabonsa. Sai dai a sayi wata matacciyar na'ura a ciro. Na Sony KSS-213 da na Philips VAM1202 sun cika kasuwa da araha, sai dai kwaikwayo ya yi yawa a ciki, wani ma ba ya kaiwa ko'ina. Sabon ido kan zo da ɗan ɗigon dalma da ke kare shi daga tartsatsin wutar jiki. In ba a cire shi ba bayan an ɗaura, na'ura ba za ta karanta komai ba, a yi ta zargin mai shago. Akwai kuma ɗan maɓallin da ke ƙara wa ido wuta. Mai gaggawa kan murɗa shi, faifai ya yi waƙa, maigida ya biya ya tafi, ido ya ƙone bayan ɗan lokaci. Ƙwararre ba ya taɓa shi sai ya jona osiloskof ya ga siffar siginar da ido ke fitarwa.

Haka za a yi hattara da guntun Philips TDA1541A, wanda ke mayar da lambobi su zama sauti. An daina yin sa, kuma saboda masu tambarin kambi sun fi tsada, 'yan damfara na buga kambin a kan na gama-gari.

Masu sayen na hannu a ƙasashenmu suna da ƙarin abin lura. Na'urar Japan wuta 100 take sha, ta Amurka 120, tamu kuwa 230 ce. Wadda aka yi wa kwaskwarima takan zo da taransifoma ta biyu, wani lokaci a akwati dabam, kuma rubutun da ke bayan na'ura bai shafe ta ba.

Kafin ka miƙa wa kowa, buɗe murfi ka ɗauki hoton cikinta ta kowane ɓangare, ka haɗa da duk takardar da ta zo da ita. Ka gaya wa mai gyara ƙarara cewa an yi mata aiki, kada ya cire komai sai ya kira ka, kuma duk abin da ya cire ya maido maka a leda. In ya yanke maka kuɗin ido tun bai auna komai ba, ɗauki na'urarka ka nemi wani.