Kafin a Kai Yara Nijar Ganin Dangi

Duk wanda ya san kasuwar Mile 12 da ke Ketu ya san ba kowane mai jin Hausa a cikinta ne ɗan Najeriya ba. Da yawa daga masu albasa, 'yan dako da masu shayi daga Tawa, Madawa, Ƙonni, Maraɗi da Damagaram suka zo. Wasu sun tsufa a Legas, sun yi aure a Agege, 'ya'yansu Yarbanci ya zauna a bakinsu. Da an ba da dogon hutu a ƙarshen Yuli, ko Babbar Sallah ta matso, sai maigida ya ce bana lallai yaran nan su je su ga kakanninsu. Zumunci ne, babu mai hanawa. Sai dai tafiyar da ya saba yi shi kaɗai da 'yar jakarsa daban, tafiya da mata da yara daban, kuma iyakar kanta ba yadda ya bar ta take ba.

Tun 1979 yarjejeniyar ECOWAS ta ba 'yan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ƙasashen juna su zauna kwana 90 ba biza. Bayan juyin mulkin da ya kifar da shugaban Nijar Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyaka, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Ranar 29 ga Janairu 2025 kuma Nijar, Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar. ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar takardunsu har sai an yi wata sanarwa, amma jami'in da ke tsaye a shingen iyaka na Ɗan Isa ko Ƙonni umarnin Yamai yake bi. A farkon 2025 an yi ta samun rahotannin mayar da 'yan Najeriya masu ƙaramar takardar tafiya ta ECOWAS, ana cewa sai cikakken fasfo. Don haka a tambayi direban da ya ƙetara a makon nan, kada a dogara da labarin bara.

Babbar maganar ita ce ta yaran. Mutane da yawa sun ɗauka duk wanda aka haifa a Legas ɗan Najeriya ne. Sashe na 25 na tsarin mulkin 1999 bai ce haka ba: sai in ɗaya daga iyaye ko kakanni ɗan Najeriya ne. Idan uwa 'yar Katsina ce uba ɗan Maraɗi, yaro na da haƙƙi a ɓangarorin biyu, musamman da yake tun 2014 Nijar ta yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu. Idan kuwa uwa da uba da kakanni duk 'yan Nijar ne, to yaron ɗan Nijar ne ko da bai taɓa wuce Ojota ba, kuma takardunsa suna ofishin jakadancin Nijar a Abuja ko ƙaramin ofishinta na Kano. Wanda ya ce zai samo muku takardar shaidar ƙaramar hukuma ta bayan fage, laifi yake sayar muku, kuma yaron ne zai girma da shi. Kowane ɓangare kuke, takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce tushe. Katin asibiti ba ya maye gurbinta.

Ga abin da ke faruwa a shinge. Jandarma ya leƙo mota, ya ga yara huɗu da mutum ɗaya, ya ce, "Malam, waɗannan na wane ne?" Ka ce 'ya'yan yayanka ne. Ya ce ina shaida? Nan za a sauke ku, mota ta tafi da kayanku a bisa. Ba don mugunta kaɗai ake wannan tambayar ba. A Oktoba 2013 an tsinci gawawwaki 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, akasarinsu mata da yara daga yankin Kance, kuma a gefen Najeriya hukumar NAPTIP na sa ido kan safarar yara tun 2003. In baffa ko gwaggo ce za ta kai su, iyaye su rubuta takardar amincewa, su sa hannu, su haɗa da kwafin katinsu da lambar wayar da za ta shiga.

Sai katin rigakafin shawara, wato yalo kad. Allurar sau ɗaya ake yi a rayuwa, daga wata 9 da haihuwa, amma katin ba ya aiki sai bayan kwana 10 da yin ta. Tun 2019 ta intanet ake rajista, sannan a je ofishin lafiya na filin jirgin saman Murtala Muhammed a Ikeja. Katin da ake cike wa mutum a tasha ba ya kare jiki daga komai. Mai tafiya da bazara ya tambayi ta sanƙarau ma, mai tafiya da damina kuwa ya sa gidan sauro da gishirin gudawa a kaya, don cikin yaron da ya saba da ruwan leda ba lallai ya karɓi na rijiya nan take ba.

Hanya kuma a raba ta biyu. A kwana a Kano, Katsina ko Sakkwato, a kama iyaka da hantsi. Hanyar Jibiya ba ta dare ba ce saboda 'yan bindiga. Kuɗin dawowa a ware shi da sefa tun ranar farko, don gaisuwar dangi ba ta barin komai a aljihu.

Akwai kuma iyayen da ke zuwa da yara biyar su dawo da huɗu, an bar ɗaya wajen kaka ko makarantar allo. In da wannan niyyar aka fito, a faɗa wa uwar da yaron tun a Ketu, a sanar da makarantarsa, a kuma bar masa kwafin takardunsa a hannun wanda zai riƙe shi.