Kifin ado na teku: A lura kafin a zuba jari

Duk ɗan kasuwar da ke zuwa sarin kaya Kwatano ko Legas ya sha ganin akwatin gilas cike da ruwa a otal ko ofis, kifaye masu launi suna kai da kawowa a ciki. Abin da ban sha'awa, kuma mun san halinmu, da zarar mun ga abu ya ɗauki ido sai mu fara lissafin yadda zai karɓu a kasuwar Arzeke ko a shagunan unguwar Gare. To, kifin ado iri biyu ne, akwai na kogi akwai na teku, kuma wanda bai bambanta su ba zai iso Faraku da mushe.

Cikin na teku, waɗanda suka fi jan ido su ne dangin da masu Ingilishi ke kira ras, masu Faransanci kuma labre. Sun haura iri 600, mafi yawa a tekun Indiya da Fasifik. Ana gane su da kaurin leɓe, da haƙoran gaba masu ɗan fitowa waje, da kuma yadda suke iyo da fukafukan gefe kamar mai tuƙa kwalekwale. Sai dai launi ba abin dogaro ba ne. Ƙaramin kifi da babbansa sukan bambanta har ka rantse ba jinsi ɗaya ba ne, kuma da yawa daga cikinsu sukan fara rayuwa a matsayin mata, daga baya su rikiɗe su koma maza, kala ta canja. Wanda ka saya bai fi yatsa ba yana iya girma ya fi ƙarfin akwatin, ya cinye abokan zamansa. Babban cikinsu, mai ƙusumbi a goshi, yakan kai mita 2, kuma tun 2004 yarjejeniyar CITES ta sa cinikinsa tsakanin ƙasashe a ƙarƙashin takardar izini.

Akwai wani ƙarami mai baƙin zane daga baki zuwa wutsiya, wanda mu dai wanzamin kifaye za mu kira shi. Sana'arsa cire ƙwari daga jikin manyan kifaye, har cikin bakinsu yake shiga ba su haɗiye shi. A 2019 masu bincike a Osaka ta ƙasar Japan suka bayyana cewa yana duba madubi ya yi ƙoƙarin goge tabon da aka sa masa. Amma a akwati sau da yawa yunwa ke kashe shi, don babu isassun kifayen da zai yi wa aski.

Babbar wahalar ita ce ruwa. Lita ɗaya ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kusan giram 35, wato akwati mai lita 100 yana bukatar kilo 3 da rabi. Kuma ba gishirin miya ba, wani haɗi ne na musamman da ake shigowa da shi daga waje. Sabon akwati sai ya yi mako 4 zuwa 6 injin tacewa yana aiki kafin a saka kifi. Zafin ruwan kada ya wuce digiri 24 zuwa 27, alhali kowa ya san yadda ɗaki yake a Faraku da Jugu a watan Maris da Afrilu. Lokacin hunturu kuwa iska na shanye ruwan ta bar gishirin, sai a riƙa cikawa da tsabtataccen ruwa marar gishiri. In wuta ta ɗauke na wasu awoyi injin iska ya tsaya, shi ke nan. Wasu irin a cikin yashi suke kwana, dole a shimfiɗa musu mai laushi, sannan a rufe akwatin, don gwanayen tsalle ne. Ga kuma hanya: daga bakin teku zuwa Faraku fiye da kilomita 400, Jugu kuma ta fi haka.

Kakanninmu fataken goro da suka riƙa yada zango a Jugu a hanyarsu daga Gwanja zuwa Kano sun iya kaya mai lalacewa, suna buɗe huhu suna yayyafa ruwa. Amma goro yana yafe sakacin kwana ɗaya, wannan kifi ba ya yafewa. A ganinmu ba hajar tebur ba ce, sai dai ga wanda ke da sola ko janareta kuma mai saye ya riga ya ba da kafin alƙalami.

Abin da muka fi so 'yan'uwa su duba yana kusa da mu. An daɗe ana fitar da kifayen kogunan Afirka ta Yamma da ransu daga Legas zuwa Turai da Amurka don ado, kuma wasunsu mun san su sarai. Akwai kurungu, wanda wani irinsa ke iyo a rigingine. Akwai minjirya da talibambam, ko da yake kowannensu sai an ware shi shi kaɗai, ɗaya na jan wuta ɗaya na cizo. Sai gartsa, mai jerin ƙayoyi a baya, wanda ke leƙowa sama ya shaƙi iska, don haka ɗaukewar wuta ba ta cika yi masa illa ba. Masuntan Kwara a Malanbil sun san su duka, kuma ruwan da suke so shi ne irin wanda muke da shi: na rijiya, ko na famfo da aka bari ya kwana sinadarin kulorin ya fita. Wanda zai gwada, ya fara da akwati ɗaya da kifi biyu ko uku, ya ga ko za su ƙetare bazara a shagonsa kafin ya karɓi kuɗin kowa.